Wazirin da Bai Jira Alhamis Ba

A can zamanin da, an yi wani sarki mai suna Tunau. Adali ne, sai dai fushinsa kusa yake. Kakanninsa sun san halin gidansu, don haka suka bar wata al'ada: hukuncin da sarki ya yanke cikin fushi ba a zartar da shi sai bayan sallar Juma'a. Ranar Alhamis dangin mai laifi su zo su faɗi gaban sarki, shi kuma ya yafe ba tare da an ce ya janye maganarsa ba. Ba a faɗin wannan a fili, amma kowa ya sani.

Wazirinsa, Hantsi, mutum ne da aiki ba ya kwana a hannunsa. In aka ce gobe, yau zai yi, in kuwa aiki na jiransa, ko tuwo ba ya yi masa daɗi. Fadawa kan tsokane shi, wai zai yanka ragon suna tun ba a haihu ba. Sarki kuwa yabonsa yake yi, yabon yana ƙara masa ƙaimi.

Da damina ta kankama, Madugu Anaruwa ya dawo daga fatauci. Bisa al'ada madugu fada yake fara zuwa gaisuwa, amma tun a ƙofar gari aka gaya masa mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tana kwance ba lafiya, sai ya zarce gida. Sarki ya ji, ya fusata, ya ce a ƙetare da shi kogi, kada ya sake taka ƙasarsa.

Galadima ya bi Waziri har zaure yana roƙonsa ya dakata, Alhamis ba ta da nisa. Waziri ya ce in sarki ya yafe ai sai a aika a dawo da shi, shi dai bari ya sauke wannan nauyi. Kafin la'asar dogarai sun ƙetare da Anaruwa. Washegari sama ta kece da ruwa, kogi ya cika ya batse, masu fito suka janye jiragensu, suka ce sai kaka.

Ran Alhamis maƙwabta suka kawo Inna Tasalla fada a kan gadon kara. Da ƙyar ta ɗaga kai ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na ja wa yaron nan. A bar mini shi in gan shi."

Sarki, wanda tuni ya huce, ya ce ya yafe, a kawo Madugu. Waziri ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na riga na gama."

Baƙin ciki ya cika Sarki. Can ya ce, "Ka cika umarnina, ka toshe mini ƙofar da kakannina suka bar mini. Ni ma da laifina, da na yi ta yabonka. Je ka zauna bakin kogi. Ranar da ruwa ya janye, kai za ka ƙetare ka zo da shi." Ya kuma sa aka yi shelar al'adar nan a kasuwa, don kada a sake.

Waziri ya tare a bakin kogi. Kullum sai ya kafa kara a gaɓa ya duba, kullum ruwa na nan. Ya rame, ya yi zuru-zuru, domin wannan aiki ba ya jin gaggawa. Gero na fitar da kai aka zo aka gaya masa Inna Tasalla ta rasu tana tambayar ko ruwa ya ragu.

Da kaka ta yi, shi ya fara shiga jirgi. Daga tsakiyar ruwa ya hango Anaruwa tsaye a gaɓa yana ɗaga masa hannu, yana kira, "Waziri, yaya Inna?"

Waziri ya sunkuyar da kai, ya taɓa mai fito, ya ce masa, "Don Allah, tuƙa a hankali."