Alkawarin da Aka Naɗe a Alharini

A zamanin da, a wata masarauta ta tsibirin Jawa, ranar Litinin tara ga Safar, shekara ta 934 bayan Hijira, gari ya waye da yayyafi, gajimare ya rufe kan dutse mai aman wuta da ke bayan gari. Da hantsi Sarki ya zauna a fada, fuskarsa ba walwala.

Shekara biyu ke nan da fada ta musulunta, amma mutanen kan dutse suna nan a addinin kakanninsu. Abin da ya tsare musu idon ruwan da ke shayar da shinkafarsu, alkawari ne da kakan Sarki ya yi musu, aka rubuta a ganyen giginya da tsohon harshen Kawi. Mai ajiyarsa wani tsoho ne, Darmasuta, shi kaɗai ya rage a fada mai karanta harshen. Kowane wata yakan kwance ganyen, ya sha iska a inuwa, ya shafa masa mai.

Sarki ya ce, "Waziri, kai kana son ruwan nan ya sauko gonakin rake. Malamai kuwa sun ce cika alkawari wajibi ne, ko da ga wanda ba Musulmi ba ne. Ina mafita?"

Waziri Wirakusuma ya haɗa tafukansa a gaban fuska. "Allah ya ja zamaninka, wa ya isa ya taɓa maganar kakanka? Abin da ke damuna shi ne, a ce kayan gado irin wannan kullum yana hannun bara, ana juya shi kamar gashin kifi. A naɗe shi a alharini, a ajiye shi tare da wuƙaƙen sarauta."

Al'adar mutanen Jawa ce, abin da suka girmama ƙwarai ba sa buɗe shi, sai dai su yi masa turare. Fadawa duk suka yaba, Sarki ma ya amince.

Darmasuta ya matso a tsugune. "Ranka ya daɗe, wuƙa ƙarfe ce. Ganye kuwa sai da iska."

"Baba na tsoron kada a raba shi da abin wasansa," in ji Waziri. "Ko kana nufin albarkar kakan Sarki ba ta isa ta kori ƙwaro ba?"

Aka yi dariya. Tsoho ya sunkuyar da kai, don ba a yi wa Sarki musu sau biyu.

Damina bakwai ta wuce. Kowane wata Darmasuta yakan zauna a ƙofar ɗakin gado yana shaƙar turare, ya kuwa san abin da ke faruwa a ciki. Sau uku ya roƙi izinin kwafa, sau uku Waziri ya ce ba a buɗewa.

A shekara ta takwas Waziri ya karkatar da ruwan. Shugabar mutanen dutse, Nyai Rukmi, ta sauko fada ta ce, "Ba roƙo ya kawo mu ba. A karanta mana ganyenmu."

Sarki ya ba da izini, Darmasuta ya kwance alharinin da hannunsa. Katako biyu na marfin ganyen kawai ya tarar, da zare, da gari kamar dusa. Kowa ya ja numfashi, ban da Waziri. Sarki ya lura da haka, ya gane da gangan ya yi, nan take ya tuɓe shi, ya karɓe laimarsa ta sarauta, ya sa a mayar da ruwa.

Tsoho ya karanto alkawarin da ka, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Baba, na yarda da kai. Amma bakin mutum ɗaya ba ya ɗaure sarkin gobe." Yarima mai jiran gado kuwa surukin Waziri ne.

Sarki ya ce, "Muddin ina raye, ruwan naku ne."

Nyai Rukmi ta dubi furfurarsa. A hankali ta ce, "Allah ya ja kwananka."

Washegari Darmasuta ya yanki sabon ganye, ya rubuta wasiƙa da Kawi zuwa tsibirin Bali, inda masu tsohon addini suka ƙaura da littattafansu, yana tambaya ko wani ya tafi da kwafin alkawarin. Ya taka har gaɓar teku, ya miƙa wa wani matuƙin jirgin ruwa mutumin tsibirin Madura.

Matuƙin ya jujjuya ganyen. "Baba, ba suna a jiki. Wa zan ba?"

Darmasuta ya ce, "Duk wanda ka samu ya iya karantawa."