Telan Tishigu da Mahaifinsa Baba Kadiri

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a unguwar Tishigu, nan Tamale. Tela ne. Shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai kasuwa ta buɗe masa, domin kowa yana son sabuwar rigar biki.

Mahaifinsa, Baba Kadiri, yana hannunsa. Ciwo ya taɓa harshen tsohon, magana tana fita da ƙyar. Ɗan bai hana shi koko da safe ba, bai hana shi tuwo ba, sutura kuwa har ta yi yawa. Amma bai taɓa zama kusa da shi ba. Daga bakin ƙofa yake ɗaga murya: "Ka ci? To, kwanta!" In baƙi sun zo gaisuwa, a gaban tsohon yake cewa, "Ku bar shi, ya rikice."

Bai rikice ba. Yana ji, yana ganewa.

Kullum tsohon yakan kama gefen rigarsa ya ce, "Ɗana, ina so..." Sai ya fizge ya ce, "Baba, aiki na jira na."

Wata safiya aka tarar da ɗakin tsohon wayam, babu shi babu sandarsa. Da la'asar wasu manoma suka same shi a gindin kaɗanya kan hanyar Savelugu, rai ya yi halinsa.

Wurin zaman makoki wata maƙwabciya mai sayar da waake (shinkafa da wake), Lariba, ta fuskanci telan a gaban jama'a. Ta ce, "Ƙanwar mahaifinka Hasanatu ce ba lafiya a Savelugu. So yake ka kai shi su gana. Ni ya faɗa mini, don na zauna na jira ya gama. Na zo gaya maka, ka ce in ba ɗinki na kawo ba in tafi."

Wa zai ba irin wannan mutum yadinsa? Mutane suka kwashe kayansu. Surukansa suka zo suka tafi da 'yarsu, matarsa. Ya sayar da keken ɗinki, hankalinsa ya taɓu. Dattawanmu sun gan shi a kasuwa yana tare tsofaffi, yana roƙon su yi masa magana.

Ya 'yan uwa, ciyarwa kaɗai ce biyayya? Ashe ba akuya ma ana ciyar da ita ba? Allah ya hana mu ce wa iyaye ko da "tir". In tsoho yana hannunka, durƙusa ka dube shi. Kira shi da girmamawa, yi magana a hankali, ka bari ya kai ƙarshen zancensa ko zai ɗau lokaci. In ba ka gane ba, sake tambaya. Yau in kun koma gida, ku fara da ɗakin tsohon.

Allah ya kiyaye mu da haƙƙin iyaye, ya sa su rabu da mu suna sa mana albarka. Amin.