Zaren da Ya Kai Rana Cikin Rijiya

Ku gyara zama, ga wata magana na kawo muku, kuma ba na son kowa ya tsoma mini baki sai na dire. In na dire, ku yi ta yi da junanku, ni ba ruwana.

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani mai haƙar rijiya, sunansa Haladu. Wata safiya yana can ƙasa, ya yi nisa har ya fara jin danshi, sai rijiyar ta rufta da shi. Jama'a suka taru suna salati, har an fara cewa Allah ya jiƙansa, sai aka ji murya tana fitowa daga wata 'yar kafa a gefe, inda saiwar tsohuwar bishiya ta ruɓe ta bar rami. Ramin bai fi kaurin kara ba, ga shi a karkace, kwana bayan kwana. Haladu ne, da ransa. Duwatsu sun tokare juna a kansa, sun bar masa ɗan wurin tsugunawa.

Ya ce, "Don Allah kada wanda ya sa dagi! Duk saran da kuka yi, a kaina ƙasa take zuba. Ina jin iska ta bayan duwatsun nan, akwai hanya zuwa tsohuwar rijiyar da ke kusa. Amma a cikinsu akwai wanda ya riƙe sauran, in na zare shi na mutu. Ku ba ni haske in gani."

Aka ɗaura tsakuwa a siririyar igiya aka zura, ta isa hannunsa, ana ɗiga masa ruwa ta jikinta. Haske ne ya gagara. Aka tura lagwani mai wuta, ya mutu a hanya, hayaƙinsa ya kusa shaƙe mutumin. Aka haska madubi, hasken ya ƙare a kwanar farko.

To, a garin akwai wasu 'yan'uwa uku masu narka kwalba suna yin ƙarau da duwatsun wuya: Yahuza, Badamasi da autansu Shitu. Sun daɗe da lura cewa in narkakken gilashi ya ja wutsiya, aka kai gindinta kusa da wuta, sai ka ga bakinta yana ƙyalli ko da ta lanƙwashe. Abin wasa suka ɗauke shi, sai ranar. Suka dubi juna, suka kwashi kayan aiki.

Yahuza shi ne mai wuta. Ya sa aka haɗa masa murhu a can ƙolin dutsen, ya tsince kwalaben da suka fi fari, ya wanke su tas, ya narka. Ya ce ko kumfa ɗaya ta saura a ciki, nan haske zai tsaya. Ya yi ta zuga, wutar ta tashi daga ja ta koma ruwan ɗorawa, ta koma fari fat, irin farin da ido ba ya iya kallo. Shi kuwa ya kalla, don da ido ake gane lokacin da kumfar ƙarshe ta fita. Sannan ya naɗe curin narkakken gilashin da wani gilashin daban kamar riga, don kada hasken ya tsiyaye ta gefe. Girarsa ta ƙone ƙurmus, kuma daga ranar nan idonsa na dama bai ƙara gani sosai ba.

Badamasi shi ne mai ja. Ya tsaya a gindin dutsen, Yahuza ya bar curin ya ɗigo, ɗigon ya taho yana jan zare a bayansa. Badamasi ya tare shi, ya shiga naɗewa a jikin wani babban kwando. In ya yi sauri zaren ya tsinke, in ya yi sanyin hannu zaren ya yi kauri ya zama sanda. Dole hannun ya tafi bai ɗaya, ba gaba ba baya. Zaren ya tsattsaga masa yatsu, jini na bin gwiwar hannunsa, ƙuda na binsa, ko soshi bai yi ba. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin abu mai kyau kamar zaren nan ba: siriri kamar gashin wutsiyar doki, in ba rana ta buge shi ba ma ba ka ganinsa.

Aka ruga da shi bakin ramin, aka ɗaura a igiya, Haladu ya ja. A kwanar farko aka ji ƙas! Ya karye. Kuka ya tashi.

Nan Shitu ya yi magana, shi da ake yi wa tsiya a gida cewa ko tuwo sai ya huce yake ci. Ya ce wa Badamasi, "Yaya, zaren nan ya fito daga wuta iska ta buge shi kai tsaye. Bayansa ya sandare, cikinsa bai gama kwanciya ba. Sai an sake, a bar shi ya huce a hankali." Ya sa aka ciro indararon ƙasa daga soraye, ya jera su baki da baki a jikin dutsen, zaren ya bi ta ciki. Na sama ya lulluɓe su da garwashi, na tsakiya da toka mai zafi, na ƙasa da toka mai ɗumi. Yana bi yana kara bayan hannunsa, yana ƙara nan, yana rage can. Da aka gama ja, ya binne naɗin cikin toka ya zauna a gabansa.

Rana kuwa ta karkata, muryar Haladu ta fara dusashewa. Mutane suka yi wa Shitu caa. Uwar Haladu ta zo ta ci kwalarsa, ta ce, "Kai wane irin mara imani ne? Ɗana na mutuwa kana gadin toka!" Ta kwaɗa masa mari. Shitu yana hawaye ya ce, "Inna, ki ƙara wani, amma ba zan buɗe ba." Bai buɗe ba sai da ya kara kuncinsa a tokar ya ji ta daina ƙuna.

Aka haɗa zaren ya yi ɗan siririn dami, aka ɗaura, Haladu ya ja. Ya wuce kwanar farko, ya wuce ta biyu, ya yi ta tafiya yana lanƙwasa kamar ciyawa. Aka tara rana da madubi a kan bakinsa na sama. Ka taɓa zaren ka ji shi da sanyi, ka duba jikinsa ba ka ga komai ba. Can sai muryar ta taso daga cikin ƙasa tana rawa: "La'ilaha illallahu! Jama'a, ga tauraro a tafin hannuna!" Wallahi ko ni da nake ba ku labarin, duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Rana tana sama inda Allah ya ajiye ta, ga ta kuma a ƙarƙashin ƙasa, ta bi zare ta je.

Haladu ya ga dutsen da ya riƙe sauran, ashe shi ne wanda hannunsa ya daɗe yana komawa kansa. Ya bar shi, ya zare na gefe, ya rarrafa ya ɓulla tsohuwar rijiya, aka jawo shi. Yana fitowa ya rantse a gaban kowa cewa cikin da matarsa Tasalla ke ɗauke da shi, in namiji ne, sunan wanda ya kai masa hasken nan zai ci.

Namiji ta haifa, kuma ɗaya ne tak. Ranar suna aka taru, ga rago a ɗaure, ga wuƙa a hannun mahauci. Wasu suka ce ba don wutar Yahuza ba, kwalba tana nan kwalbarta. Wasu suka ce ba don hannun Badamasi ba, curi ne kawai a murhu. Wasu suka ce ai an ga abin da ya faru da zaren da Shitu bai taɓa ba. Liman ya sunkuyo ya ce, "Haladu, wane suna?" Haladu ya dubi 'yan'uwan nan uku, ɗaya bayan ɗaya.

To, ga ku nan, kowa da bakinsa. Yahuza, Badamasi ko Shitu, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?