Wanda Ya Sayar da Habbanaye Ya Sayi Aparai

A wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi an yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa na nan da rai.

Talaka ne, amma yana da aboki Bafulatani mai suna Danda. Shekarar da hatsi ya ƙi, Danda ya jawo saniya har ƙofar gidansa ya ba shi habbanaye. Kun san al'adar: ka riƙe saniya, ka sha nono, maruƙan da ta haifa naka ne, daga baya ka mayar da uwar. Ba takarda, ba shaidu. Amana ce kawai.

Sai zancen zinariyar Murtaniya ya shigo gari. Mutumin nan ya tafi Tasawa biɗar aparai, injin nan da ake sharar ƙasa da shi, in ya ji ƙarfe ya yi kuka. Mai shago ya fito da guda biyu. Akwai ƙarami, wanda waken da ya noma zai iya saye, akwai kuma wani ƙato mai sheƙi. Aka binne zobe cikin rairayi, ƙaton ya ƙwala ihu tun daga nesa.

Mai shago ya ce, "Alhaji, irinku ai sai wannan."

Alhaji! Mutumin da ko Maradi bai taɓa kwana ba. Kalmar nan ita ta ci shi.

Ya kora saniyar Danda zuwa kasuwa mai nisa ya sayar. Ya sayi fata wurin mahauci, ya kai ruga, ya rantse da Allah maciji ne ya sare ta. Danda ya juya fatar, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Mutumin nan kuwa ya sayi ƙaton aparan, ya kama hanyar Murtaniya.

Ya 'yan uwa, me kuke zato ya tarar a can? Aparan dai yana kuka, wallahi bai yi ƙarya ba. Amma ba ya rarrabe zinariya da gwangwanin sardin. Ƙusa, kuka. Guntun waya, kuka. Wata goma bawan Allah yana tonon sharar waɗanda suka riga shi zuwa, har ranar da rami ya rufta masa ya karya ƙugu.

A nan gida kuwa, Danda ya shiga kasuwar Urafane, ya hangi wata jar saniya da maraƙi a bayanta. Ya kira ta da sunan da ya raɗa mata, sau ɗaya tak. Ta fizge igiya ta taho tana kuka, a gaban jama'a.

Fulani ba su kai ƙara ba. Washegari suka shigo ƙauyen suka kwance duk wata saniyar habbanaye da ke cikinsa, gida gida. Har ta Rufaida, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, da nonon nan take dama musu fura. Me ta yi? Wa ta cuta?

Da aka kawo mai aparan gida bisa amalanke, kwana uku ba wanda ya leƙo. Rana ta huɗu Rufaida ta yi sallama. Ya yunƙura, yana zaton sannu ta zo yi masa. Ta aje ƙwaryar tatsa, busasshiya, dab da kansa. Ta ce, "Ga ta nan, ka riƙe, mu ba mu da abin zubawa." Ta juya ta fita.

Abin nan na ƙona mini rai, jama'a. Samarinmu kullum tambayarsu wane aparai ya fi gani da zurfi. Ban taɓa jin wanda ya tambaya da me zai saye shi ba. Tafiya biɗar arziki ba haram ba ce. Amma wanda ya ci amana ba kansa kaɗai ya kashe ba, ya toshe ƙofar alheri ga maƙwabtan da ba su ji ba su gani ba, kuma gobe kiyama kowannensu zai riƙe masa wuyan riga.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare bayinsa masu rauni daga kwaɗayinmu. Amin.