Fenti Biyu da Ɗakin Inna

Akwai wani magidanci da ya yi niyyar gyara wa tsohuwarsa ɗaki. Ya kwashe kayanta ya kai ɗakin ajiya, ya shimfiɗa mata katifa tsakanin buhunan masara da na taki, ya ce kwana kaɗan ne.

Ya sayo fenti kala biyu, duka farare, ɗaya ya ɗan karkata wajen madara, ɗaya wajen toka. Ya shafa kowanne a gefe guda na bango don ya gwada. Da safe na madarar ya fi masa kyau, da yamma kuma na tokar. Ya kira matarsa ta duba, ya kira maƙwabta, kowa da nasa zaɓi. Shi dai so yake Inna ta sami mafi kyau.

Shi kuwa ɗan fari ne. Tsohuwar ba ta kiran sunansa, balle ta buɗe baki ta roƙe shi abu. Da damina ta sauka, sanyi ya fara tasowa daga ƙasa, sai ta ce wa surukarta, "Ki tambayi mutumin nan, ɗakin bai bushe ba ne?"

Matar ta faɗa masa. Ya ce Inna ai mai haƙuri ce, da ta matsu da ta yi magana.

Tari ya kama ta, ya sauka a ƙirji. A tsakanin buhunan nan ta cika.

Da masu gaisuwa suka yi yawa, aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin da ba a gama ba. Ƙanwar marigayiyar ta tambaye shi abin da ya tsayar da aikin. Ya nuna mata bangon, ya ce kala biyu ne, ya rasa wanda zai ɗauka. Ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, ni fari ɗaya nake gani."

Ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Magidancin nan ku ne, masu kyakkyawar niyya da ba ta ƙarewa. Fentin shi ne ƙananan abubuwan da kuke zaman shawara a kansu a gida da ikilisiya: wane zane za a yi anko, wa zai zauna a gaba. Tsohuwar kuwa duk wanda Allah ya ɗora muku nauyinsa ne, kunya ta rufe masa baki. Kada ku kira shirunsa haƙuri. Yau, in an tashi sujada, ku je ku ga inda yake kwana.