Sarki Nomau da Kazar Dutse

Masu riƙe da labaran zamanin da sun ce a gindin wani tsauni da ake kira Kwargaba akwai wani gari, sunan sarkinsa Nomau, tsoho ne mai raha, mai saurin fushi da saurin hucewa. A kan tsaunin aka haife shi, zamanin da mutanen garin ke zaune can sama don tsoron mahara. Da zaman lafiya ya samu suka sauko fili, suka bar wa birai kufai. Shekara arba'in Nomau bai koma ba. Da fari sarauta ta hana shi, daga baya gwiwa ta karɓa.

Da tsufa ya kankama sai kewar abu ɗaya ta dame shi, wato kukan kajin dutse, irin fiton nan da suke yi safe da yamma. Ya sa Sarkin Baka Ɗanrimi ya kamo masa ɗaya. Kafin hantsi ga ta an kawo, 'yar mitsitsiya, ba ta kai kazar gida ba, launinta kamar na dutsen, ƙafafu ja, jela a ɗage. Aka sa ta a sabon akurki, ga gero ga ruwa a kasko. Sarki ya gyara zama, ya kasa kunne. Har azahar ko uffan.

Ya harzuƙa ya ce, "Ke 'yar dutse, geron nan kyauta kike tsammani?"

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa geronka ba. Ƙwayar ciyawa da gara ne abincinmu, raɓa ta ishe mu sha. Kuma ba ma kuka ɗai-ɗai. Ɗaya ke ɗagawa, saura su amsa. Abin da ya fi damuna, na bar ƙwai biyar a gindin wani falalen dutse. In rana ta faɗi ban koma ba, sanyi zai kashe su."

Sarki ya yi dariya har rawani ya karkace. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne! A ɗauko su a sa wa kaza, yadda muke yi da ƙwan zabi. Kin ga na sami shida ke nan, masu ɗagawa da masu amsawa."

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, kama da wane ba ta wane. Haka Cindo ya yi zato."

Sarki ya ce, "Wane ne Cindo?"

Ta ce, "Ga hikayarsa. Cindo wani manomi ne, gwanin kiwon zabi. Wata rana ya hau dutse yankan ciyawar jinka, ya yi tuntuɓe da sheƙar irinmu a ƙasa, ƙwai huɗu ciki. Ya zuba su a hula ya kawo gida, ya sa wa wata jar kazarsa da ta ƙyanƙyashe masa zabi sau bakwai. Ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun ranar farko 'yan tsakin nan ba su san ƙasa ba. Wannan ya hau turmi, wancan ya ɗare dutsen niƙa, na uku yana kan murhu, uwar gida na kora da mara. Kaza ta yi ta kira, ta tona musu tsaki, ko kallonta ba su yi. Har ta rame don takaici.

"Suka girma, amma kukan da Cindo ke jira bai zo ba. Ya ɗauke su a kwando ya kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Iya Kande, ya ce, 'Iya, duba mini, ko an yi musu baki ne?' Ta leƙa kwandon ta ce, 'Ɗan nan, ba wanda ya yi musu baki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, waɗannan kuwa ba su taɓa jin na gidansu ba. Kai dai ka yi aikin Bagudu mai gishiri.' Cindo ya ce, 'Me Bagudu ya yi?'

"Ta ce, 'Zauna ka ji. Bagudu ɗan koli ne mai tallar gishiri, mutum mai son yabo, a gida kuwa ba mai ba shi. Ran nan ya bi ta wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, ya daka wa jakinsa tsawa, sai ya ji dutse ya maimaita. Ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya ce, Ni ne gwani! Dutse ya ce, Gwani! Daɗi ya kashe Bagudu. Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa yarda da maganarsa da sauri haka ba. Ya sauke gishirin, ya ɓalli wani ƙaton ɓangare na dutsen, ya ɗora wa jaki. Kwana uku suna hanya, jaki na nishi shi yana nishi. Da isa gida ya girke dutsen a zaure, ya tara maƙwabta, ya cika ƙirji ya ce, Ni ne gwani! Shiru. Ya sake. Shiru. Sai matarsa daga cikin gida ta ce, Malam, in ka gama da shi miƙo mini, dama murhuna ya rasa ƙafa ɗaya.'

"Iya Kande ta ce, 'Ka ji, ɗan nan. Dutsen ya ɗauko, amon yana can inda ya bar shi.' Cindo ya sosa ƙeya. Washegari ya hau tsauni da kwandonsa, ya buɗe. Ba su tashi sama ba, don mu gudu ne namu, suka tsere tsakanin duwatsu. Can sai wasu suka ɗaga fito daga sama, huɗun nan suka amsa, baki na rawa, amma suka amsa. Cindo ya zauna ya saurara har ya ƙoshi, ya sauko da kwando wayam yana murmushi. Ranka ya daɗe, ƙwaina za ka iya ɗaukowa, kukan ne ba ya shiga hula."

Sarki ya dubi inuwar zaure, ya ga ta fara miƙewa gabas. Sannan ya ce, "'Yar dutse, bari in gaya miki gaskiya. Ina yaro, innata takan yi niƙa a kan falalen nan da sassafe, ku kuna fito, ita tana waƙa. Wallahi ita nake kewa. Na zaci in na kawo ku, safiyar nan za ta biyo ku."

Ta ce, "Safiyar tana nan, ranka ya daɗe, ramin niƙan ma yana nan, cikinsa muke shan ruwa in an yi ruwan sama. Gwiwarka ce ta ƙi hawa, ban ji an ce jakunan garin nan sun ƙare ba."

Sarki ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ja'ira! Bagudu ya ɗora wa jaki dutse, ni za a ɗora masa sarki. Ɗanrimi, buɗe akurkin nan, ka kai ta da hannunka inda ka ɗauko ta, ka yi sauri rana na gudu. Kuma ka sanar, daga yau ba tarko ba wuta a Kwargaba lokacin ƙwai. A kawo mini jaki."

Fadawa suka ce sarki a kan jaki abin kunya ne. Ya ce doki ba ya hawan falale, kunyar kuwa su riƙe masa har ya dawo.

La'asar sakaliya suka kai. Ɗanrimi ya tarye shi ya ce kazar dutse ta iske ƙwanta da ɗumi, ta kwanta. Aka zaunar da tsoho bakin ramin niƙan innarsa, ya shafa shi da tafin hannu. Tsaunin tsit. Sai ya tuna yadda yake kwaikwayon kajin dutse yana yaro, ya tsuke baki zai yi fito. Haƙora sun zube, iska kawai ta fita, fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya sake gwadawa, wata 'yar ƙara ta fito. Daga bayan wani dutse ɗaya ta ɗaga, wata ta karɓa, nan da nan tsaunin duka ya ɗauka.

Hawaye na bin gemunsa, yana dariya, ya ce, "Na yarda, 'yar dutse. Ku bar jakin ya huta, gobe da safe ma da shi."