Wa Ya Ga Zagin?

Tabawa mai daddawa ta kai ƙarar Alhaji Jibo, aminin alƙali, kan ya zage ta a kasuwa.

Alƙali ya ce, "Ina shaidunki?"

"Allah ya gafarta malam, duk kasuwa ta ji."

"A shari'a ji ba shaida ba ne. Kawo wanda ya ga zagin da idonsa, ko in kori ƙara."

Tabawa ta gyara mayafi ta ce, "To, malam, kai azzalumi ne, maciyin hanci."

Alƙali ya zabura. "Kin raina kotu! Kowa ya ji!"

"Ai ji ba shaida ba ne. Jama'a, wa ya gani?"

Kowa ya rantse bai ga komai ba.